Shin Karatun Nukiliya a Zariya Koyon Haɗa Bam Ne?

Cikin wasiƙun da suka shigo mana akwai ta wani Alhaji daga garin Tambuwal, ɗan kasuwa mai sayen albasa da gero yana kaiwa kudu, wanda ya roƙe mu da mu sakaya sunansa. Ya ce ɗansa ya gama digirin farko a fannin fiziks, ya yi bautar ƙasa, yanzu kuma ya zo masa da maganar zai tafi Zariya ya ƙaro karatu a kan makamashin nukiliya. Tun da zancen ya fita, in ji Alhaji, ba a bar shi ya huta ba a majalisa. Wasu sun ce masa haɗa bam yaron zai koyo, wasu sun ce duk mai wannan aiki ba ya haihuwa, wani kuma ya ce masa sunan yaron zai shiga littafin Amurka. Shi ne yake tambaya, ya sa albarka ko ya hana? Akwai kuma wata wasiƙar daga wani manomi a ƙasar Kebbe, shi nasa a taƙaice ne, wai ina amfanin wannan karatu ga mai fartanya.

To, Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Amsar a gajarce ita ce a'a, ba a koyar da haɗa bam a Zariya. Hasali ma galibin abin da za a koya wa ɗanka tsaro ne: yadda za a tsare mutane daga cutarwar wannan sinadari, yadda za a tsare sinadarin daga hannun miyagun mutane, da yadda za a riƙe lissafinsa don kada ko ƙwayar zarra ta karkata zuwa makami. Amma tun da masu majalisa ba za su gamsu da a'a kawai ba, bari mu warware maka zaren.

Wurin da ɗanka yake nufi ita ce Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ake taƙaita sunanta da CERT. A shekarar 1976 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, daga baya aka zaɓi jami'o'i biyu, Zariya da Ile-Ife, domin su riƙa horar da ma'aikata. A Zariya ne aka girka tukunyar nukiliya ɗaya tilo da Nijeriya take da ita, ƙirar ƙasar Sin, wadda aka fara kunnawa a watan Fabrairu na 2004. Kada ka ji an ce tukunya ka zaci wani gagarumin abu ne. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, watau zafin da take bayarwa bai wuce na dutsen guga talatin in an jona su gaba ɗaya ba. Zuciyarta, inda sinadarin yake, ba ta kai girman bokitin wanka ba, kuma tana nutse ne a ƙasan wani tafki na ruwa mai zurfi a cikin gini. Ba ta ba da wutar lantarki ko ta ƙwai ɗaya. An kawo ta ne don bincike da koyarwa.

Abu na farko da ake cusa wa ɗalibi shi ne tsoron abin da ido ba ya gani. Sinadarai irin su yuraniyam da kobal da siziyam suna fitar da wani irin tururi mai ratsa jiki, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba ka jin zafinsa lokacin da yake shigarka. Manomin da ya saba da maganin feshi ya san hancinsa kan gargaɗe shi, to wannan ba ya gargaɗi, sai na'ura ce kaɗai ke ganinsa. Saboda haka ake koya wa ma'aikaci ya gajarta zamansa kusa da abin, ya ba shi tazara, ya kuma sa shamaki tsakaninsu, ko na darma, ko na kankare, ko na ruwa. Tazarar nan ba ƙaramin aiki take yi ba. In ka ninka nisanka da abin sau biyu, abin da ke isowa jikinka ya koma rubu'i.

Nan ne maganar haihuwa ta shigo. Kowane ma'aikaci yana maƙale da wani ɗan ma'auni a rigarsa, mai tara lissafin tururin da ya shiga jikinsa, ana karɓa ana karantawa ana rubutawa a littafi da sunansa. Awon da ake yi da shi sunansa milisibat. Ƙa'idar duniya ita ce kada ma'aikaci ya wuce 20 a shekara in an raba bisa shekaru biyar, mutumin gari kuwa kada aikin wasu ya ɗora masa fiye da 1. Ni da kai, Alhaji, da ba mu taɓa shiga irin wannan wuri ba, muna shan wajen 2 zuwa 3 a kowace shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, haka Allah ya halicci duniyar. Gaskiya ne tururi mai yawa yana taɓa haihuwa, amma sai an ninka waccan iyaka sau da dama, a lokaci guda, irin abin da ke faruwa in an yi hatsari. Mai aiki bisa ƙa'ida ba ya kusantar wannan. Masu ɗaukar hoto a asibitin koyarwa na Sakkwato a ƙarƙashin wannan ƙa'ida suke aiki, ga su nan da iyalansu.

To me ya sa ake wannan tsanani? Saboda an ga abin da rashin sani ya jawo. Akwai wani labari da nake so 'yan kasuwa su riƙe shi da kyau, musamman 'yan gwangwan da yaran da ke yawon jari-bola, domin su abin ya fi shafa.

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, akwai wani asibitin masu ciwon daji da ya riga ya tashi daga tsohon gininsa, aka bar wata na'urar gashi a cikin kango. Wasu mutum biyu suka shiga suka kwance kanta, suka ɗora a baro suka kai gida da nufin su sami na cefane. Suka fasa ta, suka sayar wa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da dare mai shagon ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi, abin ya ba shi sha'awa, ya kai cikin gida, ya kira 'yan'uwa da abokai suna kallo, har yana gutsura musu. Wasu suka shafa a jiki kamar kwalli. Wata yarinya 'yar shekara 6, ɗiyar ɗan'uwansa, ta yi wasa da garin ta ci abinci da hannun. Garin nan siziyam ne. Cikin 'yan kwanaki aka shiga amai da gudawa da ƙuna a fata, likitoci suna zaton wata cutar ce daban. Matar mai shagon ce ta lura cewa tun da abin nan ya shigo gidan ba a ga lafiya ba, ta sa shi a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya, bayan kamar mako biyu da faruwar abin. Sai da aka kira wani masanin fiziks ya zo da na'urar awo sa'an nan aka gane. An auna mutum wajen 112,000, aka sami 249 da abin ya taɓa, mutum 4 suka mutu, cikinsu har da yarinyar da ita matar. Aka rushe gidaje, aka kwashe ƙasar wurin aka binne. Ka duba fa, duk garin bai cika ɗan ƙaramin gwangwanin madara ba.

Wanda ya zo da na'ura ya tsayar da annobar nan, Alhaji, irin karatun da ɗanka yake nema shi ya yi. Irin waɗannan sinadarai kuwa akwai su a ƙasar nan, a asibitoci, a wuraren haƙar mai, a kamfanonin da ke duba walda a jikin bututu, da wasu masana'antu. Don haka ne aka yi doka a 1995 ta kafa hukumar sa ido, wadda ake kira NNRA, ta kuma fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisi ga duk mai son shigo da irin wannan kaya ko aiki da shi, ita ce kuma ke bin sawunsa har ranar da za a mayar da shi inda ya fito. Sufetocinta ba daga sama suke faɗowa ba, daga irin waɗannan azuzuwa suke fitowa.

A manyan tashoshi ma darasin ɗaya ne. Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar Carnobil ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet ta fashe a lokacin wani gwaji da dare. Ƙirar tukunyar tana da aibu, ma'aikata kuma suka ci gaba da gwajin bayan sun kashe wasu na'urorin kariya. Aka kwashe jama'a daga kilomita 30 kewaye da wurin. Tun daga nan ake horar da ma'aikaci cewa in ya ga abin da bai gane ba ya tsaya ya yi tambaya, ko da kuwa ogansa ne ya ce a ci gaba. Wannan, a ganina, ya fi lissafin wuyar koyo a wurinmu, inda yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba.

Sai batun ɓarayi. Kulle rumbu don kada akuya ta ci ta kumbura daban, kulle shi don ɓarawo daban, ko da yake ƙofar ɗaya ce. A watan Disamba na 2002 wasu na'urori biyu masu wannan sinadari, na wani kamfanin aikin rijiyoyin mai, suka yi ɓatan dabo a yankin Neja Delta. Daga baya a ƙasar Jamus aka gano su cikin lodin tsofaffin ƙarafa. Abin da ake tsoro shi ne irin wannan kaya ya faɗa hannun 'yan ta'adda su haɗa shi da nakiya su warwatsa a kasuwa. Ba zai tashi gari kamar bam ɗin Hiroshima ba, amma zai gurɓata wuri ya jefa jama'a cikin firgici. Saboda haka ana koyar da yadda ake jera katanga bayan katanga, da kyamarori, da rakiyar kaya a hanya, da ƙa'idar cewa mutum ɗaya ba ya shiga ma'ajiya shi kaɗai, sai su biyu, kowa da nasa mabuɗi. An kuma fi jin tsoron ɓarawon gida a kan na waje. Shi ya sa ake bincikar halin ma'aikaci kafin a ba shi amana, a san ko yana shaye-shaye, ko bashi ya yi masa katutu, ko da su wa yake hulɗa. In har an zo Tambuwal ana tambayar halin ɗanka wata rana, kada gabanka ya faɗi, cikin aikin ne.

Yanzu ga maganar bam ɗin kanta. Yuraniyam da ake haƙowa, kamar wanda maƙwabtanmu na Nijar suke haƙa a Arlit tun 1971, iri biyu ne a cakuɗe. Ka ɗauka kana da ƙwayar gero dubu a faifai, to guda 7 ne kacal irin da ke kamawa da wuta, sauran duk ba sa yi. Kafin a yi amfani da shi sai an tace, an yi ta rairaya ana rage marasa amfanin. In an kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ya isa tashar lantarki. Daga kashi 20 zuwa sama duniya ta fara sa ido. Na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90. Tacewar nan ita ce aikin, tana bukatar dubban injuna masu juyawa da gudun gaske, da dukiya mai yawa, da shekaru. Nijeriya ba ta da masana'antar tace yuraniyam, kuma ta ɗaure kanta da alkawari cewa ba za ta nemi makamin ba.

Alkawarin nan yana da tarihi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Raggan, cikin Saharar Aljeriya. Ƙasashen Afirka suka yi ta kuka, Faransa ta yi kunnen ƙashi ta sake, ta kuma sakewa a ƙarshen shekarar. A watan Janairu na 1961 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta yanke hulɗa da ita, alhali ƙasar ba ta wuce wata uku da samun mulkin kai ba. Da aka kawo yarjejeniyar hana bazuwar makaman ƙare-dangi a 1968, Nijeriya tana cikin sahun farko da suka sa hannu. Ta kuma shiga yarjejeniyar Pelindaba da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, wadda ta haramta makamin a duk nahiyar Afirka, ta fara aiki a 2009. Afirka ta Kudu ce kaɗai a nahiyar ta taɓa ƙera shi, guda 6, ta kuma kwance su da kanta kafin ta shiga yarjejeniyar a 1991.

To amma alkawari a baki ba ya isa, sai da mai dubawa. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, mai mazauni a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wadda aka kafa a 1957, ita ke turo sufetoci. Kai da kake kasuwar hatsi za ka fi kowa gane aikinsu. Ka bar wa yaronka sito da buhu ɗari, ka dawo ka duba littafi, ka ƙirga buhunan, ka soka ɗaya ka ga ko gero ne ko yashi, ka duba ko an taɓa ɗinkin baki. Haka suke yi, sai dai su da giram suke awo, suna manna hatimi a jikin ma'ajiya, suna shafa ƙyalle a bango su tafi da ƙurar su auna. Dole ƙasa ta sami nata mutanen da suka iya riƙe wannan littafi, in ba haka ba a zarge ta da abin da ba ta yi ba. To in sunan ɗanka zai shiga wani littafi, wannan ne, na masu lasisin aiki. Ɗan Arewa ma ya taɓa zama a kan kujerar shugabancin majalisar gwamnonin wannan hukuma, watau Farfesa Ibrahim Umar, tsohon shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, daga 2000 zuwa 2001.

Ga misalin da ya fi kusa da mu. Tukunyar Zariya da aka kawo, sinadarin cikinta mai kashi 90 ne, irin na makami, ko da yake duka-duka wajen kilo ɗaya ne, alhali ma'aunin hukumar IAEA na abin da zai isa bam ɗaya kilo 25 ne. Duk da haka aka ga ajiye shi hatsari ne. Aka shirya musanya shi da mai kashi 13, wanda ba ya yin makami. Gana, mai irin wannan tukunya, ta riga ta yi nata a 2017, aka kuma gina wurin gwaji a can, inda ma'aikatan Zariya suka je suka yi ta maimaita yadda za su ciro zuciyar tukunyar su sa ta a tulun ƙarfe, kafin su taɓa ta gaske. A ƙarshen 2018 aka ciro ta, aka ɗora a jirgin sama aka mayar ƙasar Sin, da haɗin gwiwar Sin da Amurka da hukumar IAEA, aka kunna sabuwar ta ci gaba da aiki. Da wannan Nijeriya ta fita daga jerin ƙasashen da ke ajiye da yuraniyam mai ƙarfin makami.

Sai kai Malam na Kebbe. Tambayarka tana kan hanya, kuma ba za mu yi maka romon baka ba. Babban aikin tukunyar Zariya shi ne awo. Ana ɗibar ɗan samfurin ƙasar gona, ko taki, ko hatsi, ko dutsen ma'adini, a tura shi cikinta na ɗan lokaci, in ya fito kowane sinadari da ke ciki sai ya bayyana kansa, a san abin da ƙasar ta rasa da gubar da ta shige ta. Da tururin kobal kuma ana hana albasa da doya tsiro a ajiya, ana kashe ƙwarin wake, ba tare da abincin ya ɗauki tururin ba, kamar yadda wanda aka yi wa hoton ƙirji ba ya fitowa yana haskawa. An gina irin wannan wuri a Sheda kusa da Abuja. Sai dai tsakani da Allah, mai albasa a Aliero ko fadamar Kuchi bai ga amfaninsa a aljihunsa ba tukuna, nisa da kuɗin mota sun cinye ribar. A tsibirin Zanzibar kuwa da wannan dabara aka mayar da mazan ƙudan tsando juya aka saka su cikin daji, har aka kawar da ƙudan a 1997, shanu suka huta da sammore.

Game da wutar lantarki, an daɗe ana magana. An sa hannu a takardu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, amma har yau ba a gina tasha ba. A duk Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai ke samun lantarki ta wannan hanya, Masar kuma ta fara gina tata a 2022. Don haka, Alhaji, kada ka sayar da gona kana jiran ɗanka ya zama injiniyan tashar da ba a aza tubalinta ba. Guraben aikin ba su da yawa, amma akwai su: hukumar NNRA, cibiyoyin bincike, sashen gashin ciwon daji da na ɗaukar hoto a manyan asibitoci, kamfanonin mai, kwastan a tashoshin ruwa da kan iyaka, da koyarwa a jami'a. Hukumar IAEA tana ɗaukar nauyin kwasa-kwasan kariya na watanni ga 'yan Afirka, na masu Turanci a Gana, kuma tun 2020 ta ware tallafin digiri na biyu musamman domin mata, ga masu 'ya'ya mata da ke da kan lissafi.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke sakandare, hanyar daga aji huɗu take farawa. Sai yaro ya ci lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, ya yi digirin farko a kimiyya ko injiniya, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ta kimiyya da fasaha da ke Aliero nan kusa da ku, sa'an nan ya nemi Zariya ko Ife. Ni da na fito daga kwalejin horon malamai na san inda gizo ke saƙar. Makarantun karkara da yawa ba su da malamin fiziks, wasu yaran har su gama ba su taɓa riƙe ma'aunin zafi ba. In ƙungiyar iyaye da malamai ta garinku za ta yi karo-karo a kan abu ɗaya, ta yi a kan wannan.

Ku kuma 'yan gwangwan, ga alamar da za ku riƙe: fuka-fuki uku kamar na fanka, baƙaƙe ko ja-ja, a kan ruwan ɗorawa, da ɗigo a tsakiya. Tun 2007 an ƙara wata mai kusurwa uku, ja, da hoton ƙoƙon kan mutum da wani yana gudu. In kun ga ɗayansu a jikin ƙarfe, ko kuka ci karo da ɗan ƙaramin tulun ƙarfe mai nauyin da ya fi ƙarfin girmansa, kada ku fasa, kada ku sa a aljihu, kada ku kai gida. Ku ja da baya, ku hana yara zuwa wurin, ku sanar da 'yan sanda ko babban asibiti mafi kusa domin su kira hukumar NNRA, wanda ya riga ya taɓa kuma ya faɗa wa likita abin da ya taɓa da ranar da ya taɓa shi.